Aikatau ɗaya, wutsiya hamsin: yadda ake juya aikatau a Sifaniyanci

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata biyu a Malabo, can Ikwatoriyal Gini, ina sayar da atamfa da takalma. Ina jin Sifaniyancin kasuwa, ina iya ciniki, amma duk maganata a dunƙule nake yin ta: yo comprar, yo vender. Na sayi littafi, na buɗe shafin comprar, sai na tarar ta rikiɗa fiye da sau 50. Dole sai na haddace duka? Kuma mene ne wannan subjuntivo da kowa ke tsorata ni da shi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Tambayarka kashi biyu ce: yaya za ka yi da jadawalin da aikatau ɗaya ke cika shafi guda, sannan mece ce gaskiyar subjuntivo. Littafinka bai yi maka ƙarya ba. In aka ƙirga gurbin kowane mutum a kowane lokaci, siffofin comprar masu kalma ɗaya sun kai 54 ban da na umarni, in kuma aka haɗa da masu kalma biyu irin su he comprado, sun haura 100. Sai dai saiwa ɗaya ce da 'yan wutsiyoyi masu maimaita kansu, kuma mai jin Hausa ya riga ya san rabin aikin, bai dai san ya sani ba.

Zagi a gaba, wutsiya a baya

Saurari bakinka. Na saya, ka saya, kin saya, mun saya. Zan saya, nakan saya, in saya. Ita "saya" tana zaune daram, ɗan abin da ke gabanta ne ke ta sauya riga, shi ke faɗin wanda ya yi aikin da halin da aikin ke ciki. Masu nahawun Hausa suna ce masa zagin aikatau, sunan kuwa ya dace, don gaba yake shiga kamar zagin sarki. Ka ƙirga su wata rana in kasuwa ta yi sanyi: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an, tara ke nan. Sai jerin kika da suka, jerin ina da muna, jerin nake da muke, na zan, na nakan, haka dai har jeri takwas. Gurbi 72 ke nan, ba a ma taɓo na korewa ba, kuma babu ranar da ka zauna ka yi haddarsu.

Wannan aikin Sifaniyanci yake yi, sai dai ya ɗauke zagin daga gaba ya manna shi a ƙeya. Compr- ita ce saiwa. Wutsiyoyin -o, -é, -aba, -aré su ne "ina", "na", "dā ina", "zan". Shi ya sa ba sai ka ce yo ba: compro kaɗai ta wadatar, kamar yadda ba ka cewa "ni na saya" sai in ana gardamar wanda ya saya. Wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya rera fa'ala, fa'altu, fa'alna a darasin sarfu ya san wannan dabara tun tuni.

Kowane aikatau a gida ɗaya yake cikin uku: na -ar, na -er, na -ir. Littattafan Real Academia Española, hukumar harshen da aka kafa a Madrid a 1713, da amar, temer, partir suke buga misali. Ni na fi son in ba ɗan kasuwa kayan sana'arsa: comprar, saye, vender, sayarwa, recibir, karɓa. Duk ukun masu bin ƙa'ida ne, ba sa karkacewa ko'ina. Gidan -ar shi ne babba nesa ba kusa ba, shi ne kuma mai saukar baƙi, duk sabon aikatau da ya shigo harshen, irin su chatear da escanear, can yake sauka. Na -er da na -ir kuwa wa da ƙane ne, wutsiyarsu ɗaya ce in ban da wurare ƙalilan. Gida biyu da rabi ke nan za ka koya.

Ga lokacin da ake ciki: compro, compras, compra, compramos, compráis, compran. Jerin shi ne ni, kai, shi, mu, ku, su. Vendo, vendes, vende, vendemos, vendéis, venden. Recibo, recibes, recibe, recibimos, recibís, reciben. Ka lura wa da ƙanen a "mu" da "ku" kaɗai suka rabu. Ka kuma lura da alamomin da za su bi ka kusan ko'ina: -s na kai ne, -mos namu ne, -is naku ne, -n nasu ne. Namiji da mace kuwa babu ruwan aikatau da su, compras ta ɗauki "kana saye" da "kina saye", compra ta ɗauki "yana" da "tana". Nan Hausa ta fi shi aiki.

Sai maganar girmamawa. Usted, wato "kai" na girmamawa, wanda asalinsa vuestra merced ne, wutsiyar "shi" yake ɗauka: usted compra, ustedes compran. Ɗalibai kan yi mamakin a ce ana magana da mutum ido da ido amma ana juya aikatau kamar ba ya nan, sai in tambaye su yadda suke gaida uban gidansu da safe. "Alhaji ya tashi lafiya?" To shi ke nan. A titin Malabo za ka iya jin ana haɗa usted da wutsiyar tú, wato "kai" na tsara, kowa ma yana ganewa, amma a wasiƙa ko a ofis ka riƙe usted compra. Siffar "ku", wato compráis da 'yan'uwanta, ta vosotros ce, ana amfani da ita a yawancin Sifaniya da nan Ikwatoriyal Gini. Mutanen Meziko da Kolombiya da sauran Latin Amurka sun ajiye ta, ustedes compran suke cewa ga kowa. Tunda a Malabo kake, ka koye ta.

Abin da ya wuce: nan ne aikin yake

Shuɗaɗɗen lokaci na labari: compré, compraste, compró, compramos, comprasteis, compraron. Vendí, vendiste, vendió, vendimos, vendisteis, vendieron, recibir ma haka take bi sak. Wannan jerin shi ne ɗan tawaye, don "kai" ba shi da -s a ƙarshe. Za ka ji 'yan ƙasa da kansu suna cewa comprastes, bakinsu ya saba da -s ɗin, amma a rubutu kuskure ne. Compramos kuma fuska biyu gare ta, "muna saye" da "mun saya", sai hoy, yau, ko ayer, jiya, ta raba gardama.

Akwai wani ɗalibina da ya dawo aji ransa a ɓace. Ya biya kuɗin kaya a kanti, yana fita aka tsayar da shi, ya ce "ya pagó". Mai kanti ya ce "¿quién?", wato wa? Ya sake cewa "pagó", yana bugun ƙirji. Shi a lissafinsa -o ta "ni" ce, tunda pago "ina biya" ce, ashe da ya ɗora ƙarfin murya a gaɓar ƙarshe ya mayar da ita "wani ya biya". Pagué ya kamata ya ce. Tun ranar nake rubuta kalmomi huɗu a allo a darasin farko: compro, compró, compre, compré. Ina saye, ya saya, in saya, na saya. Haruffan kusan ɗaya ne, inda murya ta danna ne ya bambanta su. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi tsoro ba. "Audu ya zo" da dogon ya labari ne, "Audu ya zo" da gajeren ya mai karin ƙasa kira ne, kuma rubutunmu bai ma damu ya nuna bambancin ba. Su sun yi maka gata, sun ɗora 'yar alama a kan wasalin. Kada ka raina ta, ko a saƙon waya.

Jeri na biyu na abin da ya wuce shi ne mafi sauƙin haddacewa a harshen duka: compraba, comprabas, compraba, comprábamos, comprabais, compraban; vendía, vendías, vendía, vendíamos, vendíais, vendían. Aikatau uku kacal ke saɓa masa, ser, ir da ver. Wahalarsa sanin inda ake sa shi, kuma a nan Hausa ta fi kowane littafi bayani. Ɗauki wannan: "Jiya ina sayar da takalma sai wata mata ta shigo." Labarin jiya ne, amma ka ce "ina", don aikin yana cikin gudana lokacin da ɗayan ya faɗo. Ayer vendía zapatos cuando entró una señora. Duk abin da za ka ba da labarinsa da ina, nake, ko nakan, -aba ko -ía zai ɗauka. Duk abin da za ka faɗa da na, ya, suka, irin "sai ta shigo, ta taya, ta tafi", jerin compré ne: entró, regateó, se marchó. "Dā a Duwala nakan sari kaya" kuwa antes compraba en Duala. Bambancin kawai shi ne Hausa da "ina" ɗaya take yin jiya da yau, shi kuwa Sifaniyanci ya ware wa jiya tata rigar.

Tarko ɗaya ke cikin wannan awo. Muna cewa "na gane", "na sani", "na yarda" da siffar abin da ya wuce alhali halin yanzu muke nufi. In mai saye ya yi maka bayani, comprendo za ka ce. Comprendí tana nufin ka gane a wani lokaci can baya.

Na uku mai kalma biyu ne, mataimakin aikatau haber a gaba, aikatau a baya da -ado ko -ido: he, has, ha, hemos, habéis, han comprado, ko vendido, ko recibido. Harafin h ba a furta shi. A Madrid da shi ake faɗin abin da ya faru yau ko makon nan, hoy he vendido poco, yau ciniki kaɗan na yi. A yawancin Latin Amurka hoy vendí poco za ka fi ji. Da ka riƙe wannan ginin, sauran masu kalma biyu kyauta ne, haber kaɗai ake juyawa: había comprado, na riga na saya kafin nan, habré comprado, zan kasance na saya. Rabin shafin da ya firgita ka ke nan ya tafi.

Abin da ke tafe

Nan ba a yanke komai, a kan cikakken aikatau ake ɗora wutsiya, kuma gida ukun duk iri ɗaya suke ɗauka: compraré, comprarás, comprará, compraremos, compraréis, comprarán, venderé, recibiré. Sake duba jerin haber na sama ka cire h. Su ne dai, in ban da habéis da ta gajarce ta koma -éis. Asalin maganar comprar he ce, "akwai saye a kaina", tun daga Latin na baki, har a tsohon Sifaniyanci ana iya raba su a ce comprar lo he. Mai sharaɗi ma haka aka gina shi, cikakken aikatau da wutsiyar -ía da ka riga ka sani: compraría, comprarías, compraríamos, "da na saya".

A bakin mutane kuwa voy a comprar ta fi yawa, "zan je saye" a zahiri. Mu ma ta nan muka bi: "za" ɗin "zan saya" ita ce ta "za ni kasuwa". Ka fara da wannan, ka bar compraré ta zo a hankali.

Subjuntivo, dodon da ba dodo ba

Ginin tukuna. Gidajen musayar wasali suke yi, na -ar ya ari e, na -er da -ir su ari a: compre, compres, compre, compremos, compréis, compren, venda, vendas, venda, vendamos, vendáis, vendan. Shi ke nan.

Masu tsorata ka da shi galibi daga littattafan da aka rubuta don masu Ingilishi suka ɗauko tsoron, su kam harshensu ya kusa rasa wannan siffa. Kai kuwa da ita kake wuni. Ita ce jerin in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, wadda muke faɗin abin da bai faru ba amma ana so, ana roƙo, ana hani ko ana jira. Gwada ka gani. Ina so ka saya: quiero que compres. Dole ka biya: es necesario que pagues. Na rage maka don ka sayar: te rebajo el precio para que vendas. Kafin su karɓa: antes de que reciban. Mu sayar: vendamos. Kada ka saya: no compres. Allah ya sa ka sayar da duka: ojalá vendas todo. Ita ojalá ɗin ma daga Larabcin Andalus ta fito, law sha Allah, gadon zaman Musulmi a can daga 711 zuwa 1492. Jimla bakwai, duk inda Hausa ta sa wannan jeri Sifaniyanci ma ya sa. Na sha ganin ɗalibin da ya yi wata guda yana kokawa da dokokin littafi, ranar da aka jera masa su haka sai ya yi dariya ya ce, "Malam, dama wannan ne?"

Inda hanya ta rabu shi ya kamata ka kashe wa lokaci. Na farko, in mai so da mai yi mutum ɗaya ne, mu muna cewa "ina so in saya", su kuwa ba sa juya na biyun: quiero comprar. Quiero que compre ta koma "ina so ya saya". Wannan kuskuren daga Hausa yake tasowa kai tsaye, kuma yana da naci.

Na biyu, "idan" ɗinmu aiki biyu take yi. "Idan ka sayar, ka biya ni" tana iya nufin ranar da ka sayar, tana iya nufin in har an dace. Su sun raba. In lokaci ake jira, cuando vendas, me pagas, da subjuntivo, don ranar ba ta zo ba. In sharaɗi ne, si vendes, me pagas, da siffar yau da kullum. Ba a cewa si vendas, ko kusa. Cuando vendes kuma al'ada take nufi, duk sanda kakan sayar. Mai ba da kaya bashi ya san tazarar da ke tsakanin cuando da si ba ƙarama ba ce.

Na uku, shakka da motsin zuciya. "Ba na jin zai sayar" da "zai" muke yin ta, su kuwa no creo que venda. "Na ji daɗi da kake ciniki", me alegra que vendas. Har wanda ake nema ba a samu ba yana shiga: tengo un chico que habla francés, yaron yana nan a shago, busco un chico que hable francés, neman sa ake, wataƙila ma babu shi. Wannan kashin Hausa ba za ta taimake ka ba, sai kunne da yawan ji.

Yana da siffar baya, ita ma da dabara. Ɗauki compraron, cire -ron, sa -ra: comprara, compraras, comprara, compráramos, comprarais, compraran, vendieron ta ba da vendiera. Jerin comprase da ke kusa da shi a littafinka tagwayensa ne, ka gane shi in ka gani, ba sai ka yi amfani da shi ba. Wuri biyu za ka buƙace ta. In son ya wuce, ita ma sai ta ja baya: quería que compraras, na so ka saya. Sai maganar "da": si comprara barato, vendería barato, da ina samu da araha da na sayar da araha. Jimlar da za ta yi maka amfani gaban mai saye ke nan. Ka kula da comprara da comprará, alamar nan dai ce ta sake raba "da ya saya" da "zai saya". Jerin comprare kuwa tsallake shi, ya mutu a baki, sai a takardun shari'a irin dokar laifuka ta Sifaniya mai cewa el que matare a otro.

Umarni bai da yawa. Ga tsaranka compra, vende, recibe, daidai da siffar "shi". Ga babba compre, venda, ga jama'a compren, ko comprad in vosotros ne. Hani duk subjuntivo ne. Wakilin suna yana mannewa a baya in umarni ne, ya dawo gaba in hani ne: cómpralo, no lo compres.

Iyakar wannan bayani

Duk abin da na faɗa na masu bin ƙa'ida ne, kuma abin haushin shi ne aikatau da aka fi amfani da su, ser, estar, ir, tener, hacer, decir, su ne 'yan tawaye. Waɗannan hadda ce, babu wata dabara. Akwai kuma masu shigar mutanen kirki, ka gan su kamar comprar, sai ka danna saiwar ta fashe: costar ta ba da cuesta, cerrar ta ba da cierro, pedir ta ba da pido. Abrir lafiya lau take tafiya har sai ka zo he abierto. Ba a gane su da ido. Duk sabon aikatau da ka tsinta, ka duba shi a ƙamus ɗin Real Academia na intanet, kyauta ne, yana fitar da jadawalin kowanne. Su pagué, busqué, crucé kuwa ba tawaye ba ne, gyaran rubutu ne don sautin pagar, buscar, cruzar ya zauna yadda yake.

Rubutu kuma ba ya koyar da kunne. Compro da compró sai ka sa wani maƙwabcin shago ya yi ta faɗa maka kana cankar wadda ya faɗa.

A aji na daina sa mutane rera jeri shida daga sama zuwa ƙasa, don na ga wanda ya iya rerawa tiryan-tiryan, amma in yana son cewa "sun saya" sai ya faro daga compré yana ƙirgawa da yatsu har ya iso compraron, mai saye kuwa ya yi gaba. A kwance nake bi da su yanzu: mutum ɗaya, lokuta duka. Mako guda kana kan "ni" kaɗai, compro, compré, compraba, he comprado, voy a comprar, compraría. Mako na biyu usted da "shi", tunda siffarsu ɗaya ce kuma da su kake ciniki. Sannan "mu", sannan "su", vosotros a ƙarshe. Kana da littafin ciniki, to kowane dare ka ƙara layi huɗu a ƙasan lissafin ranar: abin da ka sayar yau, abin da kakan sayar bara war haka, abin da za ka saro, da abin da kake so yaronka ya yi gobe. Hoy vendí seis pares. El año pasado vendía más. El lunes voy a comprar telas. Quiero que el chico abra temprano.